Yadda ake haɗa matashi da littafin da zai karanta har ƙarshe a ɗakunan karatu na Damagaram

Bayan la'asar suke shigowa, jaka a baya, ƙafa duk ƙura. Ɗaya zai matso kusa da tebur ya ce, "Mushe, a ba ni littafi." Ka ce, "Wane iri, ƙanena?" Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kowane ma." Wanda ya taɓa zama a ɗakin karatu, ko na lakwal ne, ko na unguwa, ko irin cibiyoyin karatun nan da ake kira CLAC, ya san wannan amsa. Farkon fara aikina, da na ji "kowane ma" sai in miƙa hannu in ɗauko littafin da ni nake so, wanda malaminmu ya sa muka karanta a lise. Bayan sati biyu littafin ya dawo sabo fil, ko gefen shafi bai lanƙwashe ba, yaron kuma ba na sake ganinsa. Na daɗe ina cewa yaran yanzu ba sa son karatu kafin in gane cewa ni ne ban iya ba da littafi ba.

Abin da zan shimfiɗa a nan ya shafi yara daga shekara 10 zuwa 18, wato daga ƴan CM1 da CM2, azuzuwan ƙarshe na firamare, har zuwa ƴan tarminal, ajin ƙarshe na lise.

Mataki na farko: ka san abin da ke kan kantarka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Littafin da ba ka buɗe ba, ba ka da bakin yabonsa, kuma yaro yana gane mai yabon abin da bai karanta ba tun daga jimlar farko. Ka ɗora wa kanka littafi biyu na yara kowane sati. Yawancinsu ba su da kauri, tsakanin magariba da lisha za ka gama ɗaya. Wanda ba ka samu sukunin karantawa duka ba, ka karanta shafi goma na farko, ka leƙa tsakiya, ka karanta ƙarshe.

Ka samu kaye guda ka ware shi don wannan aiki. Kowane littafi layi uku ya ishe shi: labarin mene ne, harshensa mai sauƙi ne ko mai tauri, akwai wani abu a ciki da uba ko uwa za su gani su ɓata rai. Wannan kayen ya fi kowane rajista amfani, domin ranar da ba ka nan wanda ya tsare maka tebur zai iya buɗe shi ya yi aiki.

Sai maganar kwalayen taimako. Da yawa daga littattafan da ke ɗakunanmu kyauta ce daga Faransa ko Beljiyam, kuma mai bara ba ya zaɓe, haka ne. Amma ba duk abin da ya zo cikin kwali ba ne ya cancanci gaban kanta. Labarin yara masu wasan zamiya a kan ƙanƙara, da tsohon littafin dokokin harajin wata ƙasa, su koma baya. Ban ce a zubar ba, akwai yaron da zai so sanin yadda ake rayuwa a ƙasar sanyi. Sai dai wanda ya shigo karon farko, bari idonsa ya fara sauka a kan bangon da ke da fuska irin tasa.

Mataki na biyu: hira kafin littafi

Kada ka tambayi matashi, "Wane littafi kake so?" In da ya sani da bai zo wurinka ba. Kada kuma ka fara da "Aji nawa kake?" domin nan take zai ji kamar ya shigo ofishin darakta. Ka tambaye shi abin da ya san amsarsa. Wane fim ya kalla a salula kwanan nan? Ƙwallo yake bi ko kokowa? In an zauna a fada ana hira, wane labari ne ke hana shi tashi, na aljanu, na yaƙi, na ban dariya, ko na masoya? Ga yarinya kuwa, "Ɗiyata, tatsuniyar da kakarki ta taɓa yi miki wadda har yanzu ba ki manta ba, wace ce?"

Tambayar da ta fi kowace ba ni haske ita ce: "Wane littafi aka taɓa ba ka ka ƙi shi?" Matasa sun fi iya bayyana abin da suka tsana. Wani zai ce ya yi tsawo, wani ya ce babu abin da ke faruwa a ciki, wata ta ce duk mutanen ciki tsofaffi ne. Kowace amsa ta rage maka rabin kanta.

Minti uku ya isa. In sun zo su huɗu, kada ka tsare ɗaya a gaban abokansa, domin abin da zai faɗa a gabansu daban yake da abin da ke ransa. Ka bar su su watsu cikin kantoci, sa'annan ka bi shi a hankali kamar kana gyaran littattafai.

Mataki na uku: ka auna karatunsa ba tare da ya san ana auna shi ba

A nan aikinmu ya bambanta da na mai ɗakin karatu a Paris, kuma a nan zan daɗe. Yaron Damagaram da Hausa yake mafarki, wani da Barbarci ko Fillanci ko Buzanci, amma yawancin abin da ke kan kanta da Faransanci yake. Saboda haka shekarunsa da ƙarfin karatunsa ba sa tafiya tare. Za ka ga saurayi ɗan shekara 16, gemu ya fara tsiro, hankalinsa na manya, amma Faransancinsa bai wuce na ɗan CE2, aji huɗu na firamare, ba. In ka ba shi littafin da ya dace da shekarunsa, kalmomi su kayar da shi. In ka ba shi wanda ya dace da karatunsa, ya ga zomo sanye da wando a bango ya ji ka raina shi. Duka biyun hanyar kora ce.

Ga dabarar aunawa. Ka buɗe littafin a tsakiya, ka ce ya karanta shafi ɗaya a zuci, a zuci fa, ba da ƙarfi ba. Duk kalmar da bai gane ba ya lanƙwashe yatsa ɗaya. In ya kai ƙarshen shafi bai lanƙwashe ko ɗaya ba, littafin zai yi masa sauƙi, kuma wannan ba laifi ba ne ga mai farawa. Yatsa biyu ko uku, daidai ke nan. In hannu ya dunƙule duka kafin shafi ya ƙare, a ajiye shi sai baɗi. Ka nuna masa dabarar sau ɗaya ka ce, "Ni ma haka nake yi." Daga nan shi zai riƙa auna kansa a ɓoye, ba sai ka sa baki ba.

Ga babban yaro mai ƙaramin karatu, abu uku ne ke fid da kai kunya: littafin zane mai labari, wanda yara ke kira bede, da littattafan bayani masu hotuna a kan injuna, dabbobi, taurari ko ƙwallo, da kuma tsofaffin mujallun matasa irin su Planète Jeunes in kana da su. Babu wanda zai yi wa saurayi dariya don an gan shi riƙe da littafin yadda injin mota yake aiki.

Hanya ta huɗu ita ce Hausa kanta, amma akwai ƙaramin tarko. Mutum zai zaci tunda yaro Bahaushe ne, da ka miƙa masa littafin Hausa zai zuba kamar ruwa. Sau da yawa ba haka ake yi ba, domin idonsa da ƙa'idar Faransanci ya saba. A saƙon salula zai rubuta "sannou", "tchiki", "chekara", "dja". In ya ga "ciki" a littafi sai ya karanta "siki", ya ga "shekara" ya tsaya, ya ga ƙ da ɗ da ɓ ya ce wannan wane irin rubutu ne. Kada ka bar shi ya tafi gida da wannan ruɗani. Ɗauki ƴar takarda ka rubuta masa: u shi ne ou ɗinka, c shi ne tch, sh shi ne ch, j shi ne dj, e kullum é ake faɗinsa, g ba ya taɓa komawa j. Ka nuna masa haruffa masu lanƙwasa da kalmomin da ya sani: ƙofa, ɗaki, ɓera. Ka gaya masa cewa littattafan Najeriya suna rubuta 'ya'ya da alamar ɗauri a gaban y, mu kuma a Nijar ƴaƴa muke rubutawa, duk abu ɗaya ne. Sa'annan ku karanta sakin layi ɗaya tare. Minti goma ake yi, kuma na sha ganin fuskar yaro ta washe a layi na biyar, ya fara dariya don ya ji takarda tana magana irin ta gidansu.

Wannan ba sabon abu ba ne a garinmu. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, kuma kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abin da ya rage shi ne littattafan su isa kan kanta. In kana da ɗan kuɗin saye, ka nemi abin da masu ɗab'i na gida irin su Gashingo a Yamai suka fitar da harsunan ƙasa, ka kuma yi wa mai zuwa Kano sautu.

Kada ka manta da ɗan makarantar allo da ya shigo tare da abokinsa. Mai karatu ne shi ma, da ajami. In akwai ƙasida ko waƙa da ajami a ɗakin, ka sa ta inda zai gani.

Mataki na huɗu: uku za ka miƙa

Littafi ɗaya umarni ne, goma kuma ruɗani. Ka ɗauko uku: ɗaya daidai da abin da ya ce yana so, ɗaya mai sauƙi wanda ka tabbata zai gama, ɗaya kuma da ya ɗan kauce daga abin da ya saba. Ka ɗora su a tebur, ka faɗi magana biyu-biyu a kan kowane, sa'annan ka tashi ka ba shi wuri. Tashin nan yana da muhimmanci. Yaranmu masu kunya ne, in kana tsaye a kansa zai ɗauki wanda ya ga idonka ya fi kallo don ya faranta maka. Kafin ka juya ka ce, "In duk ba su yi maka ba, ka bar su nan, akwai wasu."

Yadda ake tallar littafi kuwa, a wurin masu maganin gargajiya na Kasuwar Dole za ka koya, ba a wurin malamin adabi ba. Kada ka ce, "Wannan zai ƙara maka ilimi," ko "Yana fitowa a jarrabawar BEPC." Ka ba da farkon labarin ka tsaya inda ya fi daɗi. Misali, Magana Jari Ce na Abubakar Imam: "Sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri na ƙulla makirci, aku kuma kullum dare sai ya ƙirƙiro labarin da zai hana yaron fita." In ya ce, "To, ya fita?" ka ce, "Oho, ga littafin nan." Wannan littafi ya fito tun ƙarshen shekarun 1930, juzu'i uku, amma har yau ban ga wanda ya kai shi kama ɗan shekara 11 ba, musamman da yake labaran gajeru ne, ana iya gama ɗaya kafin a kira sallah. Ruwan Bagaja, na marubucin dai, ga mai son dariya da ƙeta: rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ya ishe shi.

Ga manyan kuma, garin nan kansa talla ne. In ɗan lise ya ce tarihi gundura ne, tambaye shi ko ya san wane ne Amadu Kuran Daga, sarkin Damagaram da aka sa wa babbar lise sunansa. Ka ba shi labarin yadda aka kashe kyaftin ɗin Faransa Cazemajou a Damagaram a 1898, da yadda sojojin Faransa suka ci garin a 1899 bayan yaƙin Tirmini. Sa'annan ka ce masa rundunar nan, ta Voulet da Chanoine, ita ce ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu ƴan watanni kafin ta iso nan, ka miƙa masa Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, marubucin da ya yi siyasarsa a wannan gari. Faransancinsa na ɗan sakandare mai ƙarfi ne, kuma akwai kisa da ƙone-ƙone a ciki, don haka ba na ƴan siziyam, ajin farko na sakandare, ba ne. Akwai kuma Tanimoune, wasan kwaikwayo a kan sarkin Damagaram Tanimun, na André Salifou, ɗan garin nan da jami'armu ke ɗauke da sunansa. Shi wannan kada a ba mutum ɗaya ya tafi da shi. A tara su biyar ko shida a raba musu matsayi su karanta da ƙarfi, bayan haka su taka zuwa Birni su ga fadar da idonsu.

Mataki na biyar: littattafan soyayya da iyaye

Ƴan mata masu shekara 14 zuwa sama za su tambaye ka littattafan soyayya na Kano, ko su tsaya suna kewaye-kewaye har ka gane. Hana su ɓata lokaci ne, domin irin waɗannan labarai suna yawo a WhatsApp babu mai tacewa, kuma wadda ka kora daga kanta can za ta koma. Yawancin matan da na sani masu saurin karatun Hausa da waɗannan littattafai suka koya. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai masu tarbiyya da ke magana a kan auren dole da karatun ƴa mace da zaman gidan kishiya, akwai kuma waɗanda aka rubuta don matan aure. Babu wata hanya sai ka karanta da kanka, ko ka roƙi wata malama da iyaye suka yarda da ita ta taya ka. Waɗanda suka tsallake su hau kanta, sauran su zauna a kabad na manya.

Haka abin yake a bede. Marguerite Abouet, ƴar Kodebuwa, ita ta rubuta Akissi, labarin ƴar ƙiriniya da ɗan shekara 10 zai sha dariya, ita kuma ta rubuta Aya de Yopougon, wanda ke da cikin shege da shan giya a ciki. Bango biyu duk masu launi, marubuciya ɗaya, amma ɗaya na ƴan firamare ne, ɗaya na ƴan lise. Wanda ya yi hukunci da bango wata rana zai ga uba a bakin ƙofa.

In kuwa uban ya zo, ka tashi ka tarbe shi, ka ba shi kujera, ka bar shi ya gama faɗansa. Sa'annan ka ce, "Baba, gaskiyarku ne ku duba abin da ɗiyarku take karantawa. Ga wasu nan, ku duba ku zaɓa mata da kanku." Kada ka tsaya kare littafin, kujerar yarinyar kake karewa. Uban da ya fita da girmansa zai bar ta ta dawo. Yana da iko a kan abin da ƴarsa za ta karanta, amma wannan bai sa a cire littafin daga hannun ƴaƴan wasu ba, kuma wannan maganar a zuci za ka riƙe ta.

Abin da yaro ya ara kuma sirrinsa ne. In yarinya ta ɗauki littafin da ke bayanin balaga, ka rubuta a rajista ka miƙa mata kamar littafin lissafi ta ɗauka, babu murmushi, babu ɗaga gira.

Mataki na shida: ranar dawowa

Rabin aikin a nan yake, kuma nan aka fi sakaci. Kada ka ce, "Ka gama?" Zai ce i ko da bai buɗe ba. Ka ce, "Ina ka tsaya?" ko "Wa ya fi ba ka haushi a ciki?" In ya sunkuyar da kai ya ce bai gama ba, ka ce, "Ba kome, ni na yi kuskuren zaɓe. Me ya gundure ka?" Kada ka taɓa sa shi ya rubuta taƙaitawa, yana da masu sa shi wannan a aji. Amsar da ya ba ka, ka rubuta ta a kayenka bayan ya fita.

Ka yi la'akari da rayuwarsa wajen sa ranar dawowa. A garin da yaro ke iya share rabin yini a layin famfo lokacin bazara, ga islamiyya da yamma, ga yarinya da aikin gida ko talla, ga wuta da ke ɗaukewa da dare, sati ɗaya ya yi kaɗan. Ka ba da sati biyu, ka yarda a sabunta. Tarar jinkiri kuwa, ni dai na daina karɓa daga yara, domin dala ashirin ɗin da za ka ci shi ita ce za ta sa ya ɓoye littafin ƙarƙashin katifa ya riƙa canza hanya in ya hango ka. Wanda ya yaga ko ya jiƙa, ka ba shi gam da leda ya zauna ku gyara tare.

In littafi ya kama shi, ka buga ƙarfe da zafinsa. Ka riga ka tanadi na gaba tun kafin ya dawo, wanda ya yi kama da na farko ta wani gefe amma ya ɗan fi shi tauri. Mai juzu'i da yawa ya fi sauƙi, shi da kansa zai zo yana tambayar na biyu. Ka tabbata dai na biyun yana nan kafin ka ba da na farko.

Daga nan sai ka fara janye jikinka. Maganar aboki ta fi taka nauyi sau goma. Ka ware kanta ɗaya kusa da ƙofa, duk wanda ya gama littafi ya ji daɗinsa ya ɗora shi can, fuskar bangon tana kallon mai shigowa, ya saka ƴar takarda mai layi ɗaya da ajinsa, da Hausa ko Faransanci, yadda ya ga dama, kuma kada ka gyara masa kuskuren rubutu. Ranar Laraba da yamma ko Asabar, ka ba biyu daga cikinsu minti uku-uku su yi tallar littafi a gaban sauran.

Ƴan turwaziyam da ƴan tarminal, daga watan Afrilu kada ka matsa musu da labari, BEPC da BAC ne a gabansu, tsofaffin tambayoyin jarrabawa suke nema, ka ba su ka ba su wuri mai inuwa. Ka dai rubuta sunayensu a bayan kaye. Ranar da suka fito daga jarrabawar ƙarshe, babban hutu na gabansu har Oktoba, ka aika ƙannensu su gaya musu cewa Mushe ya ajiye musu littafi uku-uku, kuma wanda zai tafi ƙauye noma an yarda ya riƙe har ya dawo.